Madafar miliyan, tuwo a tsakar gida

A makon nan za mu bar maganar kasuwa da ofis, mu shiga cikin gida har ɗakin da yawancinmu maza ba mu leƙawa sai ranar biyan kuɗi, wato madafa.

Abin da ya jawo zancen kuwa shi ne, ranar Lahadin da ta wuce wani aminina da muka yi karatun lise tare, wanda yanzu ma'aikacin gwamnati ne, ya gayyace ni gidansa a Gudel domin in ga gyaran da ya yi, in sa albarka. Gudel dai tsohon garin Zabarmawa ne a bakin kogin Isa wanda birnin Yamai ya haɗiye. Can ne ma'aikatar tace ruwan sha take, can ne kuma wasu daga cikin injinan wutar lantarkin birnin suke, kuma tun da aka buɗe gada ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021, mai zuwa Haro Banda ta wannan ɓangare ba ya bukatar ya zagaya ta tsakiyar gari. Gidajen laka na gado da gidajen siminti na ma'aikata da ƴan kasuwa suna kallon juna a layi ɗaya. Gidan abokina yana cikin na biyun.

Ko zama ban yi ba ya ja hannuna zuwa madafa. Gaskiya abin ya yi kyau. Dakalin aiki, wanda maginanmu suke kira payas, ya bi bango tun daga ƙofa har taga, an shimfiɗa masa farin dutsen marmara mai sheƙi kamar madubi. Sama da shi akwatunan bango ne na katako, ƙasa da shi ma haka, ga murhun gaz mai baki huɗu an nutsa shi cikin dutsen. Ya ciro salula ya nuna mini hoton da ya ba magini, hoton wata madafa ce ta ƙasar Turkiyya, ya ce in duba ko akwai bambanci. Na ce babu.

Muna falo aka kawo tuwon gero da miyar kuɓewa, tuwo ya tuƙu yadda ya kamata. To amma tun kafin a kawo shi hancina ya riga ya jiyo hayaƙin itace, alhali kuwa murhun gaz ɗin da na gani ko alamar wuta babu a bakinsa. Da muka fita wanke hannu sai na hango uwargida da wata yarinya a ƙarƙashin rumfar kwano a kusurwar tsakar gida, kowace a kan ƴar kujera, ga tukunya a kan murhun ƙarfe, ga turmi a gefe. Bayan mun gaisa na ce: «Uwargida, ga sabuwar madafa can, me ya fito da ku rana?» Ta yi dariya ta ce: «Malam, tambayi abokinka ko ya taɓa tuƙa tuwon mutum goma sha huɗu a tsaye.» Abokina ya yi kamar bai ji ba.

Da muka koma ciki na matsa masa sai da ya ɗauko takardu. Lissafin farko da magini ya rubuta masa, abin da ake kira devi, jika 650 ne. Ranar da aka share ƙurar ƙarshe, abin da ya fita daga hannunsa ya kai miliyan ɗaya da jika 200, kuma rabin kuɗin bashin banki ne da ake zara daga albashinsa kowane wata. Domin mai karatu ya auna nauyin abin, tun watan Janairun 2024 mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan jika 42 ne, ke nan wannan ɗaki ɗaya ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata ashirin da takwas da ɗoriya. Yadda lissafin ya kumbura ba wani sabon labari ba ne ga duk wanda ya taɓa gini: an fasa tsohon dakali sai aka tarar da tiyon ruwa ya ruɓe, an canza tiyo sai daɓen ƙasa ya lalace, an sake daɓe sai aka ga bango bai dace da shi ba. Amma kaso mafi tsoka, kusan rabin kuɗin, dutsen nan ne ya tafi da shi, da yanka shi da ɗauko shi da girka shi.

Ban yi masa dariya ba, domin na san da ni ne da kuɗin a hannu da abin da zan yi ke nan. Mu da muka yi boko, madafar da muke gani a hotuna ita ce madafa a idonmu, kuma ba mu taɓa tambayar inda ta samo asali ba. Asalinta sananne ne. A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine ƴar ƙasar Otiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus wata ƴar madafa mai faɗin mita 1,9 da tsawon mita 3,4, aka gina irinta wajen dubu goma. Kafin ta ja layi ko ɗaya sai da ta auna aikin matan da za su yi girki a ciki, taku nawa suke yi daga murhu zuwa famfo, ina hannu yake kaiwa, minti nawa kowane aiki yake ci. Daga wannan tsari ne madafar zamani ta bazu a duniya, da dakalinta mai tsayin santimita 85 zuwa 90 da zurfin santimita 60, an yi shi domin mace ɗaya mai dafa wa ƙaramin iyali a ƙananan tukwane, tana yanka da wuƙa a kan katako. Mu mun ɗauko dakalin da tsayinsa, mun bar tambayar da matar nan ta fara yi.

Ku yi lissafin da kanku. Dakali santimita 90, a ɗora babbar tukunyar dalma irin wadda maƙeran Katako suke zubawa, mai zurfin santimita 30 ko fiye, bakin tukunya ya kai ƙirjin mace ke nan. Tuƙin tuwo kuwa da nauyin jiki ake yin sa, daga sama ake danna muciya, kuma dole tukunya ta kafu kada ta goce. Wadda za ta tuƙa a wannan tsayi sai dai ta hau kujera, ga talge yana tsalle daidai fuskarta. Turmi ma wurinsa ƙasa ne. Wanda ya yi daka a kan karo ya san ƙarshen zancen. Gyaran zogale, tankaɗe, tsince shinkafa, wankin manyan tukwane, duk a zaune ake yin su, kuma galibi mutum biyu ko uku ne suke yi suna hira. Gidan da ake ciyar da mutum goma sha huɗu, da baƙin ƙauye da ba su yankewa, abin da yake bukata shi ne ƙaramin dakali mai tsayin santimita 30 zuwa 40 domin babbar tukunya, sa'an nan dogon dakalin ya zama na shayi, da miya, da abincin rana na gaggawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a gidajenmu mai biyan kuɗi da magini ne suke shawara a falo, mai ɗakin sai an gama ake kiranta ta gani.

To, a ce an tambaye ta, an kuma daidaita tsayi. Da me za a shimfiɗa dakalin? Nan ne kuɗi suke zuba, saboda haka bari mu ɗan daɗe a nan.

Gangar jikin dakalin ba ta da tsada ko kaɗan, wannan shi ne abin da yawancin masu gida ba su sani ba. Dakali mai tsawon mita 3, zurfin santimita 60, kaurin santimita 8, bai kai kashi ɗaya cikin shida na mita kubik ba. Bisa awon da aka saba na kilo 350 na siminti a kowane mita kubik, buhu ɗaya tak yake ci, sai yashi da tsakuwa da ƴan sandunan ƙarfe na lamba 8. A watan Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta rusa dubban gidaje a daminar wannan shekara, hukuma ta ƙayyade tan ɗin siminti a jika 55 a Yamai, wato 2.750 kowane buhu. Ko an haɗa da tubalan da za su tallafe shi da shafe, abin bai wuce buhu huɗu ko biyar ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, musamman in a watan Afrilu aka zuba shi, domin simintin da ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan, kuɗin riga ne.

Rigar da aka fi sani ita ce karo. Aibinsa yana cikin layukan da ke tsakanin ɗaya da ɗaya, inda mai da gari suke maƙalewa har su yi baƙi, kyankyaso ya samu abinci. Maganin haka shi ne a sayi manya, masu santimita 60 kowane gefe, ta yadda ɗaya zai rufe zurfin dakalin gaba ɗaya, layi huɗu kacal a mita uku. Kuma a tabbata karon daɓe ne mai tauri har cikinsa. Na bango, wanda ƙyallinsa a fuska kawai yake, da zarar gindin tukunya ya buge shi sai ya ɓantare. A sayi biyu ko uku fiye da bukata a ajiye, domin launin da aka gani a Katako bana ba lalle a same shi baɗi ba. Akwai kuma granito, wato siminti da aka cuɗa da ɓarɓashin dutse aka goge shi a wurin, irin daɓen da ake gani a tsofaffin ofisoshin gwamnati, wanda takalman ma'aikata suka taka shekara da shekaru bai gaji ba. Ba shi da layi, in ya dushe a sake goge shi. An daina yayinsa ne kawai, ni kuwa ban ga laifin da ya yi ba.

Marmara, wadda abokina ya zaɓa, a ganina ita ce mafi rashin dacewa da girkinmu. Dutse ne ɗan gidan farar ƙasa, abu mai tsami yana cin sa. Yanzu ku duba abin da ke cikin madafar Bahaushe ko Bazabarme: tsamiya, lemun tsami, tumatir, yakuwa, zoɓo, nono. Ko wata uku dutsen bai yi ba, amma da na sunkuya ta gefen haske na ƙirga zobba huɗu da gindin kofi ya bari, wurin ya dushe kuma babu sabulun da zai mayar da shi. Ga shi da laushi, a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma yana wajen hawa na uku, wuƙa tana yi masa zane, manja kuma yana shiga cikinsa ya zauna. Dutsen granit shi ne ya fi ƙarfin duk waɗannan, yana hawa na shida zuwa na bakwai, tsami bai dame shi ba, tukunya mai zafi ma haka. Matsalar ita ce a kasuwa sau da yawa duk dutse mai sheƙi sunansa ɗaya a bakin mai sayarwa. Saboda haka mai zuwa saye ya tafi da lemun tsami da ƴar wuƙa a aljihu, ya nemi guntun da aka yanke aka yar, ya ɗiga masa ruwan lemun ya jira minti goma, ya kuma karce shi. In wurin ya dushe ko wuƙa ta ci, marmara ce, komai sunan da aka ba ta.

Granit ɗin kuma nauyinsa ne tsadarsa. Fallen da zai rufe dakalin mita uku, mai kaurin santimita 3, ya kusa kilo 150, kuma abin takaici, ƙasar da duwatsun granit suke zube a cikin garin Damagaram da yankin Liptako, gogaggen falle daga jirgin ruwa yake sauko mata. Ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi sun fi ni sanin abin da ke tsakanin tashar jirgin ruwa da Yamai. Fiye da kilomita dubu ne daga Kwatano. Bayan takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba a ƙarshen watan Yulin 2023 hanyar Gaya ta toshe, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 iyakar Benin ba ta buɗe daga ɓangarenmu ba, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, ta Dori da Tera, cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja. Kowane kwana da mota ta yi tana jiran ayari, da kuɗin duwan, da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, da fallen da ya fashe a hanya, duk a kan wanda ya iso lafiya ake ɗora su. Iyayenmu sun ga irin wannan a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan ginin da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo dare ɗaya, ga albashi ba ya zuwa kan lokaci, gidaje da dama suka tsaya a iya taga shekara da shekaru. Simintin Malbaza kuwa a mota ɗaya yake zuwa, ba ya tsallaka iyakar kowa.

Akwai wani sabon abu da ya fara shiga hotunan salula, wanda ake kira kwarts. Garin dutse ne wajen kashi 90 cikin ɗari, aka haɗe shi da wani irin danƙo na roba. Ba ya shan mai, amma danƙon ba ya jure zafi, tukunyar da aka sauke daga wuta tana iya bar masa tabon da ba ya fita. Abin da ya fi wannan muni yana kan masu yanka shi. Ƙurarsa tana daskarar da huhu, cutar da ba ta da magani, har ta kai ƙasar Ostareliya ta haramta shi ɗungurungum daga ranar 1 ga Yulin 2024, bayan da aka samu matasan ma'aikata da yawa sun kamu. Ƙurar granit da ta karo ma suna ɗauke da wannan sinadari, ko da bai kai haka yawa ba. Duk wanda ya ga yaron magini yana yanka a tsakar gidansa, ƙura ta turnuƙe, babu ruwa a kan injin, babu komai a hancinsa, ya tsayar da aikin. Gidansa ne, kuma da kuɗinsa ake yi.

Katako kuwa ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Allunan garin katako da aka matse, waɗanda ake yin yawancin akwatunan nan da su, ɗigon ruwa kaɗan ya ishe su su kumbura, abin da ruwa ya rage kuma gara ta ƙarasa, balle a unguwar da ke bakin kogi. A gina ƙafafun dakali da tubali, ƙofofin kawai su zama na katako ko na ƙarfe.

Da na duba takardun abokina da kyau, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abubuwan da babu su a ciki. Babu sisin kwabo a kan hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3,2 a shekarar 2020 kaɗai, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye ko zaune kusa da su ne suka fi shaƙarsa. Ƙasar nan ta daɗe tana wannan yaƙi, tun murhun Mai Sauƙi da aka yaɗa a shekarun 1980 domin rage cin itace, har zuwa matatar SORAZ ta Damagaram da ta fara aiki a ƙarshen 2011 ta sa gaz ya shiga gidaje da yawa. Amma ga gida mai murhun gaz na zamani, uwargidansa tana cikin hayaƙin itace kullum, saboda murhun ba ya ɗaukar tukunyarta. Faffaɗan murhun gaz mai baki ɗaya, na ƙasa, irin na masu sayar da abinci, da ya raba ta da wannan, kuma kuɗinsa bai kai na mita ɗaya na dutsen ba. Tukunyar gaz ɗin ma an kulle ta cikin akwati a ƙarƙashin dakali domin kada ta ɓata ado, alhali gaz ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru yana jiran ashana. Wurinta inda iska take ratsawa ne, kuma tiyonta yana da shekarar daina aiki a rubuce a jikinsa, wadda ban taɓa ganin wanda ya karanta ba. Daɓen ƙasa kuma an yi shi shafal, ba a karkata shi zuwa rariya ba, ko da santimita ɗaya ko biyu a kowace mita, saboda haka duk ruwan da ya zube sai an bi shi da tsumma. Wannan a unguwar da take shayar da Yamai ruwa.

Ga masu shirin gyara, ku sa magini ya raba devi gida biyu, kuɗin kaya dabam, kuɗin hannu dabam, ku sayi kayan da kanku ko ku tafi tare. Kada a ba da kuɗin hannu gaba ɗaya, a biya kashi-kashi bisa abin da ido ya gani, a riƙe na ƙarshe sai an buɗe famfo an zuba bokitin ruwa a ƙasa an ga inda ya nufa. A ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari domin abin da bango yake ɓoyewa. Wanda yake gidan haya kuwa ya tuna dutse ba ya shiga motar ƙaura, kuma akwai masu gidan da in suka ga an gyara musu madafa, godiyarsu ita ce ƙarin kuɗin wata.

Shekaranjiya da dare abokina ya bugo mini waya. Ya ce ya sake kiran magini, amma wannan karon uwargida ce ta tsaya a kansa. Ta sa an kawo tukunyar da kujerar da take zama, ta zauna ta kama muciya, magini ya auna daga ƙasa ya ce santimita 35. Za a zuba dakalin a ƙarƙashin rumfar nan, a ɗaga kwanon sama a bar wa iska hanya, a ja famfo zuwa wurin, a yi daɓe mai gangara. Siminti buhu uku. Na tambaye shi ita kuma marmarar fa? Ya ce an jera mata kwanonin aure da tarmos ɗin shayi, kuma an hana yara ajiye kofin zoɓo a kanta. Saura wata goma sha tara ya gama biyan banki.